Shigar da tsoffin sojoji aikin ɗan sanda a Amurka

Shigar da tsoffin sojoji aikin ɗan sanda tsari ne da ya haɗa dokoki da tallafin kuɗi da horo, wanda hukumomin Amurka ke bi don wanda ya ajiye kakin soja ya samu gurbi a rundunar 'yan sanda ta gari ko ta jiha, ko a hukumar tsaro ta tarayya irin su FBI. Wani nazari na ƙidayar jama'a da kafar The Marshall Project ta wallafa a 2017 ya nuna cewa kashi 19 cikin ɗari na 'yan sandan ƙasar sun taɓa yin soja, alhali a cikin jama'a baki ɗaya kashi 6 ne kawai.

Asali

Tun da aka kafa aikin ɗan sanda na zamani ake ɗauko 'yan mazan jiya. Lokacin da ministan cikin gida na Biritaniya, Robert Peel, ya kafa rundunar birnin Landan a 1829, ɗaya daga cikin shugabanninta biyu na farko, Charles Rowan, kanal ne da ya yi yaƙin Waterloo. Duk da haka an ɗinka wa 'yan sandan shuɗin kaya, ba ja irin na sojan Ingila ba, don kada talaka ya ɗauka yaƙi aka kawo masa ƙofar gida. A Amurka kuma August Vollmer, wanda ya zama shugaban 'yan sandan Berkeley a jihar Kalifoniya a 1909, ya yi yaƙi a Filifin kafin nan. Amurka tana da dokar Posse Comitatus ta 1878 da ta taƙaita amfani da sojan tarayya wajen aikin ɗan sanda, saboda haka sojan da ke son wannan aiki sai ya fita daga bariki ya shigo a matsayin farar hula.

Hanyoyin tallafi

Mafi daɗewa shi ne fifiko wajen ɗaukar aiki. Dokar fifita tsoffin sojoji ta 1944 ta tanadi ƙarin maki 5 a jarrabawar aikin gwamnatin tarayya ga wanda ya cancanta, da maki 10 ga wanda ya samu naƙasa a bakin aiki. Jihohi da birane da yawa suna da irin nasu. Hukumomin tsaro na tarayya galibi ba sa ɗaukar wanda ya kai shekara 37, domin ritayar dole tana zuwa a 57, amma ana iya ɗage wannan sharaɗi ga tsohon sojan da yake da fifiko.

Sai kuɗin karatu. Dokar GI Bill, wadda aka fara a 1944 aka kuma faɗaɗa a 2008 saboda waɗanda suka yi aiki bayan harin 11 ga Satumba 2001, tana iya biyan kuɗin makarantar horon 'yan sanda da aka amince da ita, tare da alawus na haya. Shirin SkillBridge na Ma'aikatar Tsaro kuwa yana barin soja ya yi kwana 180 na ƙarshen aikinsa yana koyon aiki a waje, albashinsa na soja yana shigowa. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai iyali, don watannin da ke tsakanin sallama da albashin farko su ne ke karya mutum.

Gwamnatin tarayya tana kuma jan ra'ayin garuruwa da kuɗi. Ofishin COPS na Ma'aikatar Shari'a, da aka kafa a 1994, ya gudanar da shirin Troops to COPS, na ba da kuɗi ga rundunonin 'yan sanda da ke ɗaukar tsoffin sojoji, a shekarun 1990. A 2012 ya sa sharaɗin cewa sababbin guraben da zai biya albashinsu a ba tsoffin sojojin da suka yi aiki bayan 2001, sannan wata doka ta 2017 ta ba da damar fifita rundunar da ke ɗaukar su wajen rabon tallafi.

Duk da haka babu shiga kai tsaye. Amurka tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, kuma kowace jiha da nata ƙa'idojin. Mai nema zai gabatar da takardar sallamarsa, wato DD-214, a binciki tarihinsa, a gwada lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa, yawanci kuma ya koma kurtu ko da ya kai saje a soja. Wanda aka kora korar wulaƙanci, dokar mallakar bindiga ta 1968 ta hana shi riƙe bindiga, ƙofar ta rufe ke nan.

Inda gizo ke saƙa

Takarda da maki ba su ne wahalar ba. Soja yana zuwa da ladabi, da juriya, da sanin makami, da sabo da aikin dare. Amma an horar da shi ne a kan abokin gaba, shi kuwa ɗan sanda da ɗan ƙasa yake hulɗa, ko da mai laifi ne. Wanda ya yi shekara yana tsaron shinge a Iraƙi, inda motar da ta ƙi tsayawa kan iya zama bam, yanzu zai tsayar da direban da ya ƙetare jar danja yana sauri ya ɗauko 'yarsa daga makaranta. Dole ya koyi wata doka dabam: Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Tennessee da Garner a 1985 cewa ba a harbin wanda ke gudu sai in yana da haɗari mai tsanani ga rayuka, a shari'ar Graham da Connor ta 1989 kuma ta ce ana auna ƙarfin da aka yi amfani da shi da abin da ɗan sanda mai hankali zai yi a wannan hali. Ƙungiyar shugabannin 'yan sanda ta IACP ta fitar da rahoto a 2009 kan waɗanda suka dawo daga fagen fama, ta nemi a riƙa sake musu horo tare da kula da masu fama da firgicin bayan yaƙi. Nan ne ya kamata a fi zuba kuɗi, domin da yawansu suna ɓoye ciwon don tsoron rasa aiki.

Binciken cibiyar Pew na 2017 ya gano cewa 'yan sandan da suka yi soja sun ɗan fi sauran faɗin cewa sun taɓa harbi a bakin aiki. Amma akwai waɗanda horon soja ya koya wa haƙuri. A watan Mayu na 2016, a garin Weirton na jihar West Virginia, an kira Stephen Mader, tsohon sojan ƙundumbalar ruwa da ya yi aiki a Afganistan, zuwa wani gida. Ya tarar da wani matashi riƙe da bindiga a gefensa, bai ɗaga ta ba, yana cewa a harbe shi. Mader ya fahimci mutumin mutuwa yake nema, sai ya riƙa lallashinsa da murya ƙasa-ƙasa. Ana cikin haka wasu 'yan sanda biyu suka iso, ɗayansu ya harbe shi har lahira. Daga baya aka ga babu harsashi a bindigar. Bayan 'yan makonni aka kori Mader daga aiki. Ya kai ƙara yana cewa don ya ƙi harbi aka kore shi, hukumar garin ta ce akwai wasu dalilai, kuma a 2018 aka sasanta ta biya shi dala 175,000.