Kalmar "tietokone": tambayoyin da aka gajiyar da ni da su

Me take nufi?
Kwamfuta, da harshen mutanen Finlan.

Daga Turanci aka aro ta?
A'a. Wane ɓangarenta ne ya yi kama da Turanci? Kalmomi biyu aka haɗa: tieto, wato sani, da kone, wato inji.

To ai harshen Finlan ɗan'uwan na Suwidin ne?
Maƙwabtaka ba zumunci ba ce. Danginsa su ne harshen Estoniya da na mutanen Sami na arewacin Turai, sai na Hangari can nesa. A daina wannan tambayar, don Allah.

Daga ina tieto ta fito?
Daga aikatau tietää, sani. Masana na danganta shi da tie, hanya. A wajensu, mai sani tun asali shi ne wanda ya iya bin sawu. Mutanen Estoniya har yau tee suke ce wa hanya.

Yaya zan gane inda doguwar kalma ta rabu, in nemo ta a ƙamus?
Nan kam sai haƙuri, ba doka ɗaya. Fara daga ƙarshe, domin can uwar kalmar take. Mu muna cewa jirgin sama, jirgi a gaba. Su kuwa lentokone, tashi a gaba, inji a baya. Galibi ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma a baya, na hawa ɓangaren ƙarshe ne kawai: tietokoneella, da kwamfuta. Na ce galibi, domin omatunto, zuciya mai tuhumar mutum, takan koma omantunnon, duka ɓangarorin sun sauya. Wani lokaci kuma harafin n kan maƙale a tsakiya, kamar kirjanpito, ajiye lissafi; kirja, wato littafi, za ka nema, kada ka nemi kirjan. Wasula ma suna ɗan taimakawa: a, o, u ba sa zama da ä, ö, y a kalma guda, saboda haka in ka ga jääkaappi, firiji, ka san biyu ne aka liƙa. Amma kalmomin aro irin olympia suna karya wannan, kuma a tietokone dabarar ba ta da amfani ko kaɗan, tun da i da e suna shiga kowane gida. In ka rikice a watannin farko na koyon harshen, ba laifinka ba ne.

Haka suke furta ta kullum?
Ina! A ofis kone kawai za ka ji. In za ka furta tietokone, ka ƙarfafa gaɓar farko, tie.

Kamfanin KONE mai ƙera lif fa?
Kalmar ce dai. An kafa shi a 1910.