Me ya sa naman zuciya ke ci gaba da mutuwa bayan bugun zuciya?

Wani mai sana'ar tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas ya aiko da tambaya. An buɗe wa yayansa jijiyar zuciyar da ta toshe, amma likita ya ce zuciyar ba za ta koma kamar da ba.

Tambaya: Tunda jini ya dawo, ba shi ke nan ba?

Amsa: A'a, Malam. Idan gudan jini ya toshe jijiya, naman da ke tsakiyar wurin yana fara lalacewa cikin minti 20 zuwa 30. Ƙwayoyin halittarsa su kumbura su fashe. Waɗanda ke gefe kuwa, da suka samu ɗan jini, wasunsu da kansu suke kashe kansu daga baya.

Tambaya: Ƙwayar halitta ta kashe kanta?

Amsa: Ƙwarai. Sunan abin afoftosis, kuma a 1972 wasu masana uku, Kerr da Wyllie da Currie, suka raɗa masa shi. Idan ƙwayar ta ga lahanin ya fi ƙarfinta, sai mitokondiriya, wato murhun da ke ba ta ƙarfi, ta saki sinadarin saitokirom si. Shi ke tayar da sinadaran kasfes, su yayyanka ta daga ciki, ta motse ba hayaniya. Abin mamaki, wannan mutuwar tana buƙatar ƙarfi, don haka dawowar jinin da ta ceci mutum kan iya ba wasu ƙwayoyin damar ƙarasa kansu. Duk da haka, buɗe jijiyar ya fi barinta nesa ba kusa ba.

Tambaya: Naman ba ya sake tsirowa?

Amsa: Kaɗan ƙwarai. Binciken cibiyar Karolinska ta Siwidin a 2009 ya nuna ɗan shekara 25 na sabunta kusan kashi 1 cikin 100 kacal na ƙwayoyin naman zuciyarsa a shekara. Tabo ne ke cike gurbin, shi kuwa tabo ba ya bugawa.

Tambaya: To me ke hannunmu?

Amsa: Lokaci. Ciwon ƙirji mai danne mutum, da zufa, da ciwon da ke sauka hannun hagu, kada a ce olsa ce a tsaya shan jiƙo. Kowa ya san goslon Legas, don haka a nufi asibiti mafi kusa mai na'urar ECG, wadda ke gwada yadda zuciya ke bugawa. Mutanen Idi-Araba ga LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a gabansu, na Agege kuma LASUTH na Ikeja, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas. Yayanka kuma kada ya ajiye magungunansa don ya ji sauƙi, su ke hana zuciyar faɗaɗa ta raunana.