Masu Hilux da masu fowil, mu gyara ɗaurin kaya kafin mu kama hanyar fadama

Salamu alaikum 'yan uwa manoma da direbobi. Ni malamin gona ne a nan Kebbi, kusan kullum ina bisa hanya tsakanin Birnin Kebbi, Argungu da ƙauyukan fadama, kuma abin da nake gani a bayan motoci lokacin rabon taki da aikin rani yana tada min hankali wallahi.

Da yawanmu mun ɗauka tunda mota fowil ce, wato mai ja da tayoyinta huɗu duka, tana ratsa yashi tana fita cikin laka, to komi aka ɗora mata za ta ɗauka. Fowil ja take ƙara wa mota, ba ta ƙara mata birki, ba ta ƙara wa taya ƙarfi. Hilux abin da aka yi ta ta ɗauka wajen tan 1 ne, kuma har da direba da mutanen da ke ciki ake lissafin. Buhun taki kilo 50 ne, kenan buhu 20 ya cinye tan ɗin tun kafin kowa ya shiga, amma sai ka ga an loda 30, an ɗora injin ban ruwa, an jera jarkoki, sannan ga samari biyar zaune bisa kaya suna lilo da ƙafa. Jarkar ruwa mai lita 25 kaɗai kilo 25 ce, a riƙa sa ta cikin lissafi.

Ni ma ya faru da ni. Wata rana mun taso da injin ban ruwa a bodi, yaron mota ya ɗaure shi da robar tsohon tiyub, na gani da idona na yi shiru saboda muna sauri. Akuya ta faɗo titi, direba ya taka birki, robar nan ta miƙe kamar ba a ɗaura komi ba, injin ya taho ya daki ƙarfen bayan gilashi har gilashin ya tsage, kuma daidai wurin abokin aikina yake zaune ya jingina kai. Allah ne ya tsare. Tun ranar ban ƙara yarda an ɗaure abu mai nauyi da roba ba, roba ta riƙe tamfol ce kar iska ta ɗaga shi, shi kenan aikinta.

Idan mota ta tsaya da ƙarfi kaya ba su tsayawa tare da ita, gaba suke ci gaba da tafiya, kuma in ka ninka gudu sau biyu ƙarfin dukan sau huɗu yake ƙaruwa. Shi ya sa mai nauyi ake fara sawa, a ƙasa, a manna shi da bangon gaba na bodi ta yadda ba shi da filin da zai zabura, a raba nauyin hagu da dama daidai. Marar nauyi kamar tabarma, tiyo da buhunan banza su ne na sama. In ka tara nauyi can baya wajen ƙofar bodi gaban mota zai ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, da dare kuma fitilarka ta riƙa kashe ma masu tahowa ido. In kuma ka tula shi bisa kariya a rufin mota, to motar da dama doguwa ce, kwana ɗaya ko gangaren bakin titi ya isa ya kifar da ita.

A sayi bel ɗin nan mai ƙugiya da ake ɗamewa da hannu, a maƙala shi a ƙugiyoyin da ke jikin bodi, abu kamar inji ko janareta a ba shi bel biyu. Wanda ya fara zarewa ko rana ta cinye shi a yar. In igiya ce ta zama mai kauri mai lafiya. Kuma dan Allah in an yi 'yar tafiya a gargada a tsaya a sake ɗamewa, buhu yana zama, ɗaurin da ka yi a Jega kafin ka kai Koko ya saki.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malamin gona shi ne maganin feshi. Kar a haɗa galan ɗin maganin ciyawa ko na ƙwari da shinkafa, gari, ruwan sha ko abincin dabbobi, ko da murfin a rufe yake, gargada tana kwance murfi. A tsayar da shi cikin kwali ko bokiti a gefe guda a ɗaure. Shi da jarkar fetur duk kar su shiga cikin mota inda mutane ke shaƙa. Adda, lauje da jak ma kar a bar su a ƙasan kujera suna yawo.

Ta fannin doka kuma, lodin da ya wuce ƙima laifi ne a wajen hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa FRSC, dokarsu ta 2007 ta sa mai tarar naira 10,000. Kar kaya ko tamfol su rufe lambar mota da fitilun baya. In ka ɗauko bututu ko katako da ya zarce bodi ka ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa don na baya ya gani, musamman 'yan kabu-kabu da ke bin mota kusa-kusa. Mutane kuma kujera aka yi musu, in babu wuri gara a yi sawu biyu.

Kafin ka tada mota ka zagaya ta sau ɗaya, ka duba iskar taya har da safaya, ka kama kowane ɗauri ka girgiza da ƙarfinka, in ya motsa a hannunka a sake. In kuma Allah ya kawo tsautsayi a hanya, lambar 'yan FRSC 122 ce, kiran kyauta ne, a adana ta a waya tun yanzu.