Taimin ɗin injin dizal: tambayoyin da na gaji da amsawa

Wane fulogi ake saita wa taimin?

Babu shi. Dizal ba ya kamawa da tartsatsi, zafin iskar da fistin ya matse ne ke kunna shi. Taimin a nan shi ne lokacin da nozul (bakin da ke watsa mai cikin silinda) ke fesa mai, gab da fistin ya kai ƙololuwa.

Na sa sabon bel ɗin taimin, in tayar?

Kul! Juya karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da hannu zagaye 2 cif, ka ga alamomin taimin da ke jikin inji sun dawo mazauninsu. In ya cije, dakata. Tsakanin fistin da bawul ba wata tazara, garaje kaɗan sai bawul su lanƙwashe.

Alamomi sun hau, amma da ƙyar yake tashi, ga farin hayaƙi. In juya famfon mai?

To, ya danganta. Farin hayaƙi da rashin ƙarfi sukan nuna mai yana makara, ƙara mai kamar ana buga guduma kuma tana nuna ya yi sammako. Amma iska a layin mai, ko nozul da ya gaji, ko fistin da ya daina matse iska sosai, duk sukan kawo irin wannan hayaƙi. Fara da su. In lafiyarsu ƙalau, duba ko haƙori ɗaya bel ya tsallake, kuma ka tabbata silinda ta 1 tana kan matsa iska ne, ba kan fitar da hayaƙi ba, don fistin yana hawa a duka biyun.

Sai ka zo kan famfo. Irin Bosch VE, agogon awo ake ɗaurawa ta bayansa a karanta tashin fulanja (ƙarfen da ke tura mai a cikin famfon) da milimita, kuma kowane inji da adadinsa a littafinsa. Ja layi a jikin famfo da mazauninsa kafin ka sassauta noti, ko ba komai ka san hanyar komawa. Sassauta bututun nozul ma, kada su ja famfon. Masu saitawa da kunne fa? Akwai tsofaffin hannu da kan dace, ban musa ba. Kai da kake tambaya ba ka kai nan ba.

Me ya sa ka ce a juya karanshaf zagaye 2?

Sai karanshaf ya yi 2 kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) ke yin 1. Yau ka fara ji?

Nawa mai kwamfuta ne, ina zan juya?

Kwantar da hankalinka, ba inda za ka juya. A injin common rail, wato wanda duk nozul ke shan mai daga bututu ɗaya, kwamfuta ce ke yanke lokacin fesa mai. Naka kawai karanshaf da kamshaf su zauna kan alama, har da famfon in naka yana da alamarsa.