Kafin A Yi Wa Sabon Gida Yaɓe, A Bar Wa Tsuntsu Gurbinsa

Duk wanda ya bi ƙauyukan da ke tsakanin Ringim, Auyo, Kafin Hausa da Haɗejiya a 'yan shekarun nan ya ga yadda fuskar gari take sauyawa. Ambaliyar ruwan da aka yi a 2022 ta rushe gidajen ƙasa masu yawan gaske, kuma da jama'a suka tashi sake gini, wanda ya samu hali ya koma bulo da siminti da rufin kwano, wasu kuma aka yanka musu filaye a kan tudu suka kafa sababbin unguwanni. Wannan ci gaba ne, kuma ni a matsayina na malamin gona ba zan ce wa wanda soronsa ya taɓa ruftawa a tsakiyar dare ya koma ginin jiya ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani rashi da muke jawo wa kanmu ba tare da mun lura ba, wato korar tsuntsayen da suka saba zama tare da mu, alhali ɗan gurbin da suke buƙata bai kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba.

Tsohon ginin Bahaushe, ko da ba da niyya aka yi ba, gida ne na mutum da tsuntsu. Tsakanin azara da azara akwai saƙo, a bakin zaure akwai lungu, ƙarƙashin jinkar ɗaki da ta rumbu akwai inuwa, kuma iyayenmu kan kafa tsohuwar tukunya a jikin katanga domin tattabara. Sabon gini kuwa a shafe yake sumul, an toshe bakin kwano da siminti, an rufe sama da silin, babu inda ƙafar tsuntsu za ta kama. Kafin ma a kai ga gini, ranar da aka zo fegi, abu na farko da ake yi shi ne sare duk itacen da ke cikin filin. A wata sabuwar unguwa da nake zuwa aiki akwai wata tsamiya da shamuwa ta shekara da shekaru tana sauka a kanta, aka sare ta da rani domin a miƙe layi. Da bazara ta kama na ga shamuwoyin da idona suna kewaya wurin har kwana biyu, daga nan ban sake ganinsu a garin ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin da an karkata layin da taku goma, da itacen yana nan.

Shamuwa ba baƙuwar banza ba ce. Tana yin rani a kudancin Afirka, ta iso mana gab da faɗuwar damina, shi ya sa manomi yake ɗaukar ganinta a matsayin albishir, ya fara gyaran gona da neman iri. Abincinta fara ne da tsutsa da manyan ƙwari, wato ainihin abokan gabar gero da dawa da wake a lokacin da shuka take ƙarama, kuma al'adarta ce ta komo itacen da ta saba yin sheƙa a kansa kowace shekara. Cilakowa ita ma mai cin ƙwari ce, amma ba ta yin sheƙa sai a kogon tsohon itace, inda macen take shiga a liƙe ƙofar da laka, a bar 'yar tsaga da namijin zai riƙa miƙa mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Darbejiyar da aka dasa bara ba ta da irin wannan kogo, kuma ba za ta yi shi nan kusa ba. Saboda haka shawarata ta farko ga dagatai da masu unguwanni da masu yankan fili ita ce a zagaya filin tukuna kafin a kafa fegi ko ɗaya, a ware manyan itatuwa irin su tsamiya, kuka, kanya, ɗorawa, gawo da giginya, a tsara layuka ta yadda za su faɗo a bakin hanya, ko harabar masallaci, ko filin makaranta. Itacen da ya shekara hamsin ba a maye gurbinsa da dashe, kuma ko ba domin tsuntsu ba, unguwar da aka yi wa rufin kwano tana buƙatar inuwarsa a watan Afrilu.

Sai kuma tsattsewa, wadda take wuni a sama tana kamun ƙananan ƙwari masu tashi. Wata takan ɗebo laka ta gina sheƙarta kamar ƙoƙo a jikin azara ko kusurwar zaure, wata takan liƙa gashi da ciyawa da yawunta a ƙarƙashin gada ko bakin rufi, su taru da yawa wuri ɗaya, akwai kuma siririyar nan da ke liƙa tata a bayan ganyen giginya. A Ingila an ga abin da gini mai santsi yake haifarwa: irin tsattsewar da ke zuwa can ta yi ƙwai, wadda take ratsa sararin Afirka ta Yamma a tafiyarta, ta ragu da fiye da rabi tun daga 1995, har a 2021 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu a ƙasar. Cikin dalilan da masana suka kawo akwai toshe ramukan tsofaffin gidaje da gina sababbi marasa rami. Maganin da suka fito da shi mai sauƙi ne, wato bulo mai kogo a ciki da 'yar ƙaramar ƙofa, wanda ake jerawa tare da sauran bulo a can saman bango. Hukumar birnin Brighton ta wajabta sa shi a sababbin gine-gine masu tsawo tun 2020, kuma a 2023 majalisar dokokin Birtaniya ta tattauna batun bayan mutum fiye da 100,000 sun sa hannu a takardar koke. Kada kuma a ɗauka dabarar Turawa ce kaɗai, domin a Istanbul har yau ana ganin ƙananan ɗakunan tsuntsaye da magina Musulmi suka sassaƙa a jikin bangon masallatai ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Mu ba mu buƙatar sayo komai daga waje, tunda bulonmu na inci 9 da ma da rami a cikinsa. Idan gini ya kai layin ƙarshe, magini zai iya zaɓar bulo biyu ko uku ya huda musu ƙofa ta waje mai faɗin yatsu uku, ya toshe ramin ta ƙasa da ta sama domin kada ya zarce cikin bango ko cikin silin, sannan ya kiyaye kada yaɓe ya rufe ƙofar. Kafinta kuma ya bar bakin kwano ya zarce bango sosai, ya buga ɗan katako mai faɗin tafin hannu a ƙarƙashinsa, kuma a bar wannan ɗan yanki na bangon da kaushi domin laka ta samu abin kamawa. Inda za a sa shi yana da muhimmanci ƙwarai. Bangon yamma yana shan ranar la'asar, zafinsa na iya kashe 'ya'yan tsuntsu, bangon gabas kuwa shi hadari yake duka da ruwa da iska, saboda haka arewa ko kudu, a cikin inuwar rufi, shi ya fi. A ɗaga shi iyakar tsawon ginin, nesa da reshe ko katangar da kyanwa da maciji za su bi su hau, kuma kada ya kasance a saman ƙofa, ko taga, ko madafa, ko randar ruwa. Dogayen gine-gine irin su hasumiyar masallaci, azuzuwan makaranta, asibitin sha-ka-tafi da ƙafar tankin ruwa sun fi gidan zama dacewa da tsattsewa, domin tana son wuri mai tsawo da sarari a gabansa.

Na san inda za a yi mini gardama shi ne batun mujiya, domin da yawa daga cikinmu sun tashi da jin cewa kukanta mugun abu ne, kuma yara na ganinta sai jifa. Wannan camfi ne, kuma addini ya hana mu camfi da tsuntsu. Farar mujiyar nan da ke kwana a kango da rufin makaranta kusan ba ta da abinci sai ɓera, kuma namiji da mace da 'ya'yansu sukan cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara. Manoman shinkafa da na kwakwar manja a Malesiya, haka nan manoma a kwarin Jodan, sun daɗe suna kafa mata akwatuna a gona domin rage sayen guba. Mu da ɓera yake yi wa ɓarna a rumbu da fadamar shinkafa, kuma shi ne yake ɗauke da zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, mun fi kowa buƙatar wannan mai gadi. Akwatin katako mai kimanin rabin mita ta kowace fuska, da ƙofa mai faɗin santimita 12 zuwa 15 a kusa da samansa, a ɗaure shi a cikin inuwar babban itace a gefen gari ko kusa da rumbuna, sama da mita uku daga ƙasa, ya wadatar. Sai dai wanda ya kafa akwatin ya rage zuba gubar ɓera, saboda ɓeran da ya ci guba yana tangaɗi shi mujiya ta fi saurin kamawa, ita ma gubar ta kashe ta.

Akwai masu tsoron cewa yin haka gayyatar jan-baki ne. Jan-baki ba ya sheƙa a bango ko akwati, a cikin ƙaya da kacalar fadama yake taruwa dubbai, kuma yaƙi da shi daban ne. Gwara kam tana iya shiga ramin bulo, kuma tana taɓa hatsi, amma da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Ta fuskar lafiya kuma wajibi ne in faɗi gaskiya. Tsattsewa tana cin sauro cikin abin da take kamawa, amma ba ta maye gurbin gidan sauro, kowa ya ci gaba da kwana a cikinsa. Murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, tana nan, kuma mu muna maƙwabtaka da dausayin Haɗejiya da Nguru da na Baturiya inda tsuntsayen ruwa suke sauka daga ƙasashe masu nisa, don haka a nisanta gurbin tsuntsun daji daga akurkin kaji da wurin shan ruwansu. Kashin da ya taru a yayyafa masa ruwa kafin a share domin kada a shaƙi ƙurarsa, a kai shi juji ya zama taki, a wanke hannu da sabulu. Idan aka ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa, kada a taɓa su, kada a bar yara su ɗauka, a sanar da malamin dabbobi nan take.

Abin da ya rage yana hannun iyaye da malaman makarantun allo da na boko. Ramin bulo da akwati ba za su yi amfani ba idan yaro yana tsaye a ƙasa da danko, ko yana hawa yana kwashe ƙwai. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wata tsuntsuwa tana kaɗa fiffike cikin damuwa saboda an ɗauke mata 'ya'ya biyu, ya umarci sahabbansa da su mayar mata da su. Yaran da aka karantar da wannan, aka kuma ba su aikin lura da ranar da shamuwa ta iso da yawan sheƙar da ke kan itacen unguwarsu, su ne za su hana wasu jifa. Mai gyaran rufi ko sassabe shi ma ya duba kafin ya fara, idan ya tarar da ƙwai ko 'ya'ya ya jinkirta wannan ɓangaren na 'yan makonni har su tashi. Wanda kuma gininsa ya kai linta a wannan rani, ya yi magana da magininsa tun yanzu, ya nuna masa bangon arewa ko na kudu, a ware bulon kafin a kwaɓa simintin yaɓe.