Waiwaye: David Marsden da yadda aka daina kiran masu murɗewar jiki maƙaryata

Akwai ciwon da ake kira distoniya, wanda tsokar jiki ke ɗaurewa da kanta ta murɗe wuya, ko ta damƙe idanu, ko ta kanannaɗe yatsu. Likitan Jamus Hermann Oppenheim ne ya raɗa masa wannan suna a 1911. Amma an shafe shekaru fiye da sittin bayan haka likitoci da yawa na ɗaukar masu fama da shi a matsayin masu damuwar zuciya, ana tura su wajen likitan taɓin hankali.

Ba haka kawai suka yi wannan zato ba, domin ciwon yana da ruɗarwa. Mutum zai ɓalle maɓallin rigarsa, ya ci abinci da hannunsa lafiya lau, amma da ya ɗauki alƙalami sai yatsun su sandare. Wata wuyanta ya karkace, amma da ta ɗora yatsa a haɓarta sai ya miƙe. Aka duba ƙwaƙwalwa ba a ga rauni ba. Sai a ce da gangan ne, ko kuma tsoro ne da fargaba. Wani bincike da likitoci biyu, Ronald Lesser da Stanley Fahn, suka fitar a Amurka a 1978 ya nuna sama da kashi 40 cikin 100 na marasa lafiyar da suka duba an taɓa ce musu matsalarsu ta tunani ce.

Mutumin da ya fi kowa rusa wannan fahimta shi ne Charles David Marsden, ɗan Ingila da aka haifa a 1938. Ya yi karatun likita a asibitin St Thomas da ke Landan, ya zama farfesan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a 1972 yana ɗan shekara 34. Abin sha'awa, kujerar tasa tana haɗe da Cibiyar Nazarin Taɓin Hankali da asibitin King's College, wato yana zaune ne daidai inda ake turo waɗannan bayin Allah.

A 1976 ya kawo hujjar cewa damƙewar ido, karkacewar wuya, murɗewar muƙamuƙi da sandarewar hannu wajen rubutu duk 'yan gida ɗaya ne, distoniya ce da ta tsaya a sashe guda na jiki, kuma tushenta yana can cikin ƙwaƙwalwa, a curin jijiyoyin da ke daidaita motsi. A 1982 shi da Michael Sheehy suka binciki masu sandarewar hannu, suka tarar ba su fi sauran jama'a matsalar taɓin hankali ba. A ganina wannan ne aikinsa mafi girma, ko da yake an fi saninsa da aikinsa kan cutar Parkinson mai sa karkarwa da jinkirin motsi, inda shi da David Parkes suka bayyana yadda maganin lebodofa kan yi aiki ya kuma ɗauke kwatsam bayan an daɗe ana sha.

Marsden ya gane cewa ciwon motsi sai an gani da ido. Shi da Fahn suka kafa ƙungiyar masana cututtukan motsi a 1985, mujallarsu ta fara fita a 1986 tare da kaset ɗin bidiyo na marasa lafiya, don likitan da ke wata ƙasa ya ga abin da ake nufi. A 1987 ya koma babban asibitin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ke Queen Square a Landan. Ɗalibansa irin su Anthony Lang na Kanada da José Obeso na Sifaniya sun koma gida sun buɗe nasu cibiyoyin.

Hujjoji sun ci gaba da taruwa. Amurka ta amince da allurar botulinum, mai sassauta tsoka, don maganin damƙewar ido a 1989, sannan a 1997 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa wani nau'in distoniya mai kama yara. Marsden ya rasu kwatsam a Amurka a Satumbar 1998 yana da shekara 60.

Sai dai gardamar ba ta ƙare ba. Akwai marasa lafiyar da jikinsu ke murɗewa ba ta wannan hanya ba, waɗanda a yau ake cewa tangarɗar tana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke tafiyar da aikinta. Su ma ba ƙarya suke yi ba, kuma bambance su da masu distoniya yana ba ƙwararru wahala har gobe, domin babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa guda da zai yanke hukunci.