Inshorar Shaidar Mallaka: Ba Ko'ina Ake Buƙatarta Ba

An daɗe ana ɗauka cewa duk baƙon da zai sayi gida a ƙasar waje dole ne ya yanki inshorar shaidar mallaka (wato inshorar da ke biyan mai saye diyya idan daga baya wani ya fito da haƙƙi a kan gidan), alhali wannan tsari ya fi kafuwa ne a Amurka, inda aka kafa kamfanin farko na irinta a jihar Pensilbaniya a 1876. Dalili kuwa shi ne, a yawancin jihohin Amurka hukuma tana adana takardun ciniki ne kawai, ba ta tsaya wa mai saye cewa gidan nasa ne, don haka wani magaji da aka manta ko tsohon bashin jingina yana iya ɓullowa bayan shekaru.

A Ingila da Ostireliya kuwa, rajistar filaye ta hukuma ita ce hujja, kuma gwamnati na biyan diyya idan kuskuren rajista ya cutar da mutum.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zaton inshorar tana halatta abin da doka ta hana. A Meziko, baƙo ba ya mallakar fili kai tsaye cikin kilomita 50 daga gaɓar teku, sai dai banki ya riƙe masa amana, kuma babu inshorar da za ta ɗauke masa wannan sharaɗi.